Mujallun Kabarin Dirakula da Wahalar Tara Su

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Kwamitin shirye-shirye ya ce bana kowane mai jawabi ya bar zancen ofis a ofis, ya gaya wa jama'a abin da yake yi da lokacinsa bayan an tashi daga aiki. Mun ji mai kiwon kifi, mun ji mai noman rani. Ni kuwa abin da nake yi shi ne tara tsofaffin mujallun wani mai shan jinin mutane. Na ga wasu malamanmu sun gyara zama. Ku yi mini haƙuri, ranku ya daɗe, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Bari mu fara daidaitawa a kan suna, domin tun a bakin ƙofa na ji wani ɗan ajinmu yana kirana mai littattafan mayu. Ba maye ba ne. Maye a wurinmu rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa, kuma kowa a nan ya san irin ta'asar da wannan zargi yake jawo wa tsofaffin mata da marasa gata. Abin da Turawa suke kira bamfaya daban ne. A tatsuniyoyin gabashin Turai, gawa ce da ta ƙi kwanciya, takan fito da dare ta ciji mutum a wuya ta sha jininsa, wanda ta kashe kuma shi ma ya tashi ya zama irinta. Ba ta son tafarnuwa, ba ta son hasken rana, kuma ba ta mutuwa sai an kafa mata turken itace a zuciya. Dodonsu ke nan, kamar yadda mu ma muke da namu. A shekarar 1897 wani marubuci ɗan ƙasar Ailan mai suna Bram Stoker ya ɗauki wannan tatsuniya ya gina littafinsa Dracula a kanta, daga nan sunan Dirakula ya zaga duniya.

Mujallar da nake tarawa sunanta The Tomb of Dracula, wato Kabarin Dirakula. Kamfanin Marvel na Amurka ne ya buga ta daga 1972 zuwa 1979, fitowa 70 cif. Labari ne cikin zane, gida-gida, maganar kowa tana cikin 'yar ƙawanya a saman kansa. Manyan malamanmu za su tuna da Lance Spearman na mujallar African Film, wadda ta yi tashe a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. To, irin wannan ce, sai dai waccan hotuna ne aka ɗauka da kyamara, wannan kuwa da hannu aka zana.

Akwai dalilin da ya sa ba ta fito ba sai 1972. A 1954 an yi babban ce-ce-ku-ce a Amurka kan mujallun zane. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya rubuta littafi yana cewa su ne suke lalata tarbiyyar yara, har wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan maganar. Kamfanonin da suke buga su suka ga idan ba su ɗaure kansu ba gwamnati za ta ɗaure su, sai suka kafa hukumar tacewa tasu, mai buga hatimi a kusurwar bango, kuma mujallar da ba ta da hatimin nan dillalai da dama ba sa karɓarta. Cikin abubuwan da aka hana har da bamfaya, da gawa mai tafiya, da mutumin da yake rikiɗa ya zama kyarkeci, kamar yadda mu ake ba mu labarin masu rikiɗa kura. Haka aka zauna shekara 17. A 1971 aka sassauta dokar, aka ce an yarda da irin waɗannan dodanni muddin an bi salon tsofaffin littattafan adabi. Da yake littafin Stoker ya riga ya fita daga haƙƙin mallaka, kowa yana iya ɗaukar Dirakula ba tare da biyan kowa ko kwabo ba, Marvel ba ta yi wata-wata ba.

Fitowa shida na farko marubuta uku suka yi karɓa-karɓa a kansu, kuma mai karatu yana ganin alamar haka, labarin yana tangaɗi kamar motar da ake canza wa direba a kowace tasha. Daga lamba 7 wani saurayi mai suna Marv Wolfman ya karɓa, bai sake ba har lamba 70. Abin dariya, ma'anar sunan mahaifinsa da Turanci ita ce mutum-kyarkeci, kuma kafin a sassauta dokar masu tacewa sun taɓa tsayar da wata mujallar kamfanin DC saboda kalmar ta fito a ciki, sai da aka nuna musu cewa sunan marubucin ne na gaskiya. Mai zane kuwa mutum ɗaya ne tun daga lamba 1 har ƙarshe, wato Gene Colan, wanda ya rasu a 2011. Mafi yawan shafukan Tom Palmer ne ya bi fensirinsa da tawada, shi kuma ya rasu a 2022. A sana'ar da ake canza ma'aikata kamar riga, mutum uku su riƙe aiki ɗaya kusan shekara bakwai ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina wannan ne asirin kyawunta. Colan ba ya zana layi tsaf kamar na masu zanen jarumai. Da inuwa yake aiki, hazo da hayaƙi da mayafi mai kaɗawa, har mutum ya rasa inda duhu ya ƙare da inda Dirakula ya fara. Fuskar Dirakulan ma ta wani ɗan wasan fim ya aro, Jack Palance, wanda daga baya ya fito a matsayin Dirakula a wani fim na talabijin.

Labarin kansa na farauta ne. Zuriyar mutanen da suka yaƙi Dirakula a littafin Stoker su ne suke binsa a Landan ta zamani: Quincy Harker, tsoho a keken guragu, da Rachel van Helsing, da Frank Drake wanda shi kansa jinin Dirakula ne, da wani Ba'indiye da ba ya magana mai suna Taj Nital. Abin da ya riƙe ni shi ne Wolfman bai taɓa wanke Dirakula ba. Mugu ne daga farko har ƙarshe, mai girman kai, mai ganin kowa bawansa ne, amma sai ka tarar kana son jin abin da zai ce a shafi na gaba. Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin wani irin shugaba zai gane shi. A lamba 70 tsohon nan mai keke ne ya gama da shi, da wani ƙarfen azurfa da ya zare daga ƙafar kekensa, ya kuma tashi fadar da nakiya shi ma yana ciki.

Yanzu ga inda tarawa take zama aiki. Wanda bai sani ba zai ce ai lissafi ne kawai, 1 zuwa 70, ka saya ka jera. Ba haka abin yake ba. Labarin lamba 18 bai ƙare a cikinta ba, ƙarshensa yana cikin wata mujalla daban, Werewolf by Night lamba 15. Haka lamba 44, rabinta yana cikin Doctor Strange lamba 14. Akwai kuma wasu masu kauri da ake kira Giant-Size Dracula, waɗanda suka fara daga lamba 2. Mutum zai iya shekara yana neman lamba 1 bai samu ba, domin babu ita: ta fito ne a 1974 da wani suna, Giant-Size Chillers, kuma a cikinta aka fara ganin Lilith, 'yar Dirakula. Bugu da ƙari, mujallu biyu ne suke amsa sunan Dracula Lives. Ɗaya ta Amurka ce, babba, baƙi da fari, fitowa 13 daga 1973 zuwa 1975, mai sababbin labarai, kuma da yake ba a lissafa ta cikin mujallun yara ba hatimin masu tacewa bai shafe ta ba. Ɗayar ta Ingila ce, wadda ta fara fitowa mako-mako a 1974, ta riƙa maimaita labaran Amurka a yanke gutsi-gutsi. Mu da muka saba da fayil biyu masu lamba ɗaya a rajista, mun san irin rikicin da wannan yake haifarwa.

Ko lamba ɗaya ma ba fuska ɗaya gare ta ba. A wancan zamani Marvel ta riƙa buga wasu kwafi da farashin kuɗin Ingila a bango domin a kai can, ciki kuwa duk ɗaya ne. 'Yan kaɗan da na tsinta a nan gida, wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, irin waɗannan ne, abin da yake nuna mini hanyar da suka biyo kafin su iso mu. Sauran sai ta hannun 'yan'uwa masu karatu a waje, ko gwanjon intanet, inda kuɗin aikowa yakan fi kuɗin mujallar. Har ila yau, a 1976 da 1977 kamfanin ya gwada ƙarin farashi a wasu garuruwa ƙalilan kafin ya ƙara wa kowa, saboda haka akwai kwafi masu senti 30 a lokacin da saura suke 25, da masu senti 35 a lokacin da saura suke 30. Waɗannan sun yi ƙaranci ƙwarai, masu tarawa suna rububinsu.

Farashin nan shi kansa darasi ne. Lamba 1 senti 20 aka sayar da ita, a lokacin mu nan muna kashe fam da sule, naira ba ta zo ba sai Janairun 1973. A 1974 ta koma senti 25, a 1976 senti 30, a 1977 senti 35, a 1979 kuwa farashin mujallun Marvel ya kai senti 40. Kuɗi ya ninka cikin shekara bakwai, shafukan labari kuwa suka ragu har suka koma 17, talla ta cinye saura. Malaminmu na tattalin arziki ya sha wahala da alli yana nuna mana hauhawar farashi a allo. Ga ta nan a jere a kusurwar bango, sai dai ta Amurka ce, kuma mu da muka ga abin da naira ta yi ba za mu tausaya musu sosai ba.

Wadda kowa yake nema ita ce lamba 10, ta watan Yuli 1973. A cikinta aka fara ganin Blade, baƙar fata haifaffen Landan, mai farautar masu shan jini da wuƙaƙen katako. An ciji mahaifiyarsa tana naƙudarsa, saboda haka cizonsu ba ya kama shi. A lokacin ɗan rakiya ne kawai a labarin wani. A 1998 aka yi fim da sunansa, Wesley Snipes ya fito a ciki, wanda da yawanmu mun kalla muna yara, sai farashin lamba 10 ya tashi. Ya sake tashi a 2019 da Marvel ta sanar da cewa Mahershala Ali zai ɗauki matsayin. A shekarar ce kuma aka sake buga lamba 10 sak da ta asali, har da tallace-tallacenta, saboda haka mai saye sai ya duba farashin bango da irin takardar kafin ya miƙa kuɗi. Wolfman, wanda ya ƙirƙiro Blade tare da Colan, ya kai ƙara yana neman a ce nasa ne, kotu ta ce na kamfani ne a 2000. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga takardar da na rubuta ta fita da sa hannun wani.

Sau da yawa akan tambaye ni, tun da an sake buga labaran duka cikin manyan littattafai, me ya sa ba zan sayi waɗannan in huta ba? Ina da su. Akwai masu araha, baƙi da fari, da suka fito a farkon shekarun 2000, akwai kuma masu kauri da launi da aka fara fitarwa a 2008. Zan ma ce wanda yake son ganin gwanintar Colan da Palmer ya nemi na baƙi da farin, domin launin da ake zubawa a takardar jarida a wancan zamani yakan dusashe inuwar. Amma littafin da aka sake bugawa labari kawai yake ba ka. Ta asali tana ba ka watan da ta fito. Ga tallar koyon gyaran rediyo ta gidan waya, ga ta mai alkawarin mayar da ramamme ƙato cikin 'yan makonni, ga shafin wasiƙu inda masu karatu suke musu da marubuci a kan abin da ya yi wa wane a fitowar baya, kowa da sunansa da garinsa. Bambancin kamar na takardar bayanin da aka buga da na'ura ne da ainihin fayil ɗin, mai jan biro da koren biro a gefe, inda ake ganin wanda ya ce a'a da wanda ya ce a ajiye tukuna. Ma'aikaci ya san wanne ne yake faɗin gaskiyar yadda aka yanke shawara.

Shafin wasiƙun nan ma akwai tarko a cikinsa. Daga 1974 zuwa 1976 Marvel ta riƙa buga wani ɗan hoto mai kama da kan sarki a ciki, ta ce yara su yanke su manna a wani ɗan littafi. Yara kuwa suka sa almakashi. Duk wanda ya yanke ya tafi da abin da yake bayan shafin, wani lokaci tsakiyar labari. Saboda haka mujallar waɗannan shekaru ba a sayenta da ganin bango, sai an buɗe an ƙirga shafi.

Samun ta wahala ce, riƙe ta kuwa ya fi. An buga ta ne a takardar jarida mafi araha, wadda ba a yi ta don ta kwana biyu ba. Akwai sinadari mai tsami a jikinta da yake cin ta a hankali, ta yi ja, ta yi rauni, zafi da haske suna ƙara masa sauri. Masu ba da shawara a ƙasashen sanyi sukan ce a ajiye a wuri mai sanyi marar laima, ba su san ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ba. Mu nan abokan gaba huɗu gare mu. Da damina laima takan sa ƙarafan ɗinkin tsakiya su yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda. Da hunturu takardar takan bushe har ta karye a wurin ninki idan an buɗe ta da gaggawa. Ga ƙura. Ga kuma gara, sarauniyarsu duka, wadda take shiga ta ƙasa ta cinye ciki ta bar maka bango lafiya lau. Na taɓa ganin ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, ba zan faɗi suna ba, inda aka ɗaga ɗaurin takardun shekara da shekaru sai ƙasa ta zubo, kuma a cikinsu akwai na mutanen da suke jiran fansho.

Abin da nake yi ba shi da tsada sosai. Kowace mujalla tana cikin ledarta da kwali marar tsami a bayanta, a tsaye ba a kwance ba. Akwatin ƙarfe ne, irin wanda muka zo da shi makarantar nan muna aji ɗaya, a ɗora bisa bulo, nesa da bango, a ɗakin da rana ba ta bugu. Ina zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Nakan buɗe akwatin farkon damina da ƙarshenta in duba. Idan shafi ya yage a bar shi a yage, kada a kusance shi da salatif, domin bayan 'yan shekaru gam ɗin yakan ratsa takardar ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita.

Akwai wata hanya da ta zama yayi wadda ni ban bi ba. Tun shekarar 2000 wani kamfani a Amurka mai suna CGC yake karɓar mujalla ya duba ta, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sa'an nan ya rufe ta ruf a cikin roba mai tauri. Makin nan shi yake yanke farashi, kuma tazarar da ido ba ya gani tana iya ninka kuɗi. Ban ce ba shi da amfani ba, domin yana kare mai saye daga nesa daga algus. Sai dai mujallar da aka rufe ba ta karantuwa, in ka fasa robar makin ya tashi. An mayar da labari kadara, kamar fili da aka kewaye aka bari ana jiran ya yi tsada. Nawa kusan duka masu matsakaicin kyau ne, wasu da sunan wani yaro da biro a bango, wasu da ninki a kusurwa. Sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ina iya miƙa wa ƙanena ya karanta ba tare da gabana yana faɗuwa ba, muddin ya wanke hannu.

Na ambaci Lance Spearman ɗazu, na kuma ga wasu malamai sun yi murmushi. Ina so in tambaya, ranku ya daɗe, wa yake da kwafi ɗaya a gida yau? Abin da ya fi yawa a zamaninsa, wanda kowa ya raina saboda araharsa, shi yake fara ɓacewa, domin kowa yana zaton wani ya ajiye. Mujallar senti 20 ta tsira ne saboda wasu yara a can sun ƙi zubar da tasu, suka girma suka rubuta jerin lambobi da ranaku, har ya zama ni a nan ina iya sanin abin da ya fito a wane wata shekara 50 da suka wuce. Ƙananan littattafan soyayya da aka riƙa bugawa a Kano tun shekarun 1980, waɗanda ake ƙwacewa a hannunmu lokacin firef, yawancinsu bugun farko ya tafi wajen mai ƙosai da mai tsire. Ita kanta mujallar ƙungiyar nan, ina roƙon sakatare ya bincika ko akwai wanda yake da ita cikakkiya daga fitowar farko. In babu, kowa ya kawo abin da yake hannunsa a haɗa saiti ɗaya, ni na ɗauki nauyin leda da akwati.

Nawa dai har yanzu da giɓi. Ina da 54 cikin 70, kuma lamba 1 da lamba 10 ba sa ciki, albashin mataki na tara bai kai can ba. Wanda duk mahaifinsa ko kawunsa ya yi karatu a Ingila ko Amurka a shekarun 1970, ya dawo da kwalaye da suke jibge a sito, don Allah kafin a share a ƙone ya kira ni in zo in duba. Ko ba Dirakula a ciki zan taya kwashewa.

Shugaba ya ɗaga mini agogo. Na zo da guda uku, suna kan teburin baya cikin ledarsu, mai son gani ya zo bayan an ci abinci, amma a wanke hannu daga man miya tukuna.